Laraba Mai Daddawa da Ɓargon Ƙanenta

A Pauwa in ka ce kana neman Laraba sai an tambaye ka wacce, domin masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Laraba mai daddawa, ko baƙon da ya kwana ɗaya a garin zai nuna maka gidan, in ma bai nuna ba hancinka zai kai ka. Tun tana amarya a gidan Malam Zailani take wannan sana'a. Ta sayi kalwa a hannun matan ƙauye, ta dafa ta har ta yi laushi, ta surfe, ta wanke, ta sake mai da ita wuta, sannan ta juye a ƙwarya ta lulluɓe da ganye da tsofaffin buhuna ta bar ta ta nuna. Ranar kasuwar Ƙanƙara kuwa ba ta daɗewa a zaune, kafin azahar ta kakkaɓe tabarma.

Abin da aka fi saninta da shi bayan daddawa shi ne baki. Ba zagi ba, ba kuma tsegumi ba, ita dai ba ta iya kwana-kwana ba. In maƙwabciya ta aiko aron turmi kuma ba ta son bayarwa, ba za ta ce a dawo anjima ba, cewa za ta yi ba ta bayarwa, wancan karon an dawo mata da shi a tsage. In aka kawo mata ɗanɗanon miya, gishiri ya yi yawa, to gishiri ya yi yawa. Mata suna cewa Laraba ba ta da kara, amma duk wadda ke son ta ji gaskiyar wanda ya zo neman 'yarta, wurinta take zuwa a ɓoye.

Mutum ɗaya ne bakin nan bai taɓa yi wa kaifi ba, ƙanenta Gide. Su biyu kaɗai ne uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu Gide bai isa yaye ba, Laraba kuwa ba ta daɗe da tarewa ba, ta je ta'aziyya ta dawo gidan miji da jariri a baya. Malam Zailani ya je ya sayo akuya mai shayarwa. Da nonon akuyar nan da kunu aka raini Gide, ya tashi a gidan kamar ɗan fari, har 'ya'yan da Laraba ta haifa daga baya sai da suka yi wayo suka san kawunsu ne. Ya girma ya zama mutum mai sanyi, mai yawan murmushi, wanda ko akuya ce ta shiga gonarsa sai ya lallaɓa ta ta fita. Da damina yana noma, da rani yana acaɓa tsakanin Pauwa da Ƙanƙara. Laraba ce ta nemo masa Bilki daga Daudawa, ta tsaya aka yi komai. Shekaru suka yi ta wucewa Allah bai kawo haihuwa ba, kuma wannan ce kaɗai maganar da ko Laraba ba ta taɓa yi masa ita gaba da gaba ba.

Ciwon ya fara ne bayan an gama kaka. Kaluluwa ta fito mata a wuya, ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai ta ce iska ce. Wata ta fito a hammata. Wanzami ya yi mata ƙaho, mai kemis ya ba ta ƙwayoyi masu launi biyu, wata tsohuwa ta kawo saiwa a jiƙa. Kaluluwa dai sai ƙaruwa take. Laraba ta soma wayar gari jiƙe da gumi kamar wadda aka watsa wa ruwa, zanen da ke zagaye ta sau ɗaya da rabi ya koma yana zagaye ta sau biyu. Ranar da taɓarya ta gagare ta ɗagawa, ranar ce autarta Hafiza, wadda ke aure a Ƙanƙara, ta zo ta tsaya mata a ka sai da suka tafi asibiti. Daga nan aka tura su Zariya, aka yanki ɗan naman wuyan aka auna.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, kuma tana kallon mutum cikin ido. Wannan kaɗai ya sa Laraba ta yarda da ita.

"Mama, sankara ce," in ji likitar. "Amma ba ta nono ko ta hanji ba. Ta ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki ce, mu muna ce mata limfoma. Ita ma kashi biyu ce, akwai B akwai T. Taki T ce, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta fi taurin kai."

"To ta ishe daidai da ita," in ji Laraba.

Ranin nan gaba ɗaya a hanyar Zariya ya ƙare. A ɗaura mata ruwan magani mai ja, ta dawo gida ta yi ta amai, ta ɗan farfaɗo, lokacin komawa ya yi. Gashinta ya zube, tafin hannunta ya yi baƙi, warin daddawar da ta rayu a cikinsa ya koma ba ta iya shaƙarsa. Gide ne ke kai ta tasha a kan babur, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka, in ta ce ya ƙara wuta ba gawa ya ɗauko ba, sai ya yi dariya ya ci gaba da lallaɓawarsa. Zuwa bazara kaluluwar ta sace duka. Laraba ta shafa wuyanta ta ji shi sumul, ta ce a dafa mata tuwon dawa da miyar kuka, a kuma sa daddawa sosai.

Likitar ba ta bar ta ta yi dogon murna ba. Ta ce cutar kwanciya ta yi, ba mutuwa ba, kuma irin wannan takan tashi. Abin da ake yi don a tare ta shi ne dashen ɓargo. A ba mutum magani mai ƙarfi ya share ɓargonsa kaf, sannan a zuba masa sabon irin jini ya tsiro. Ta ce ba a nan ake yi ba, sai an gangara kudu, kuma aiki ne da ya fi ƙarfin mai sayar da daddawa nesa ba kusa ba, amma akwai wata ƙungiyar taimako da ta yarda ta ɗauki nauyinta, sau ɗaya tak.

"Irin kuwa daga ɗayan wuri biyu yake fitowa," in ji ta. "Ko a ɗiba daga jikinki yanzu da cutar ta kwanta, a adana a sanyi, a mayar miki da abinki bayan an share. Ko a ɗiba daga ɗan'uwa na jini, in nasa ya dace da naki. Naki ya fi sauƙi, jiki ba ya faɗa da abinsa, sai dai cutar takan dawo wa mutane da yawa. Na ɗan'uwa ya fi wuya, yana iya yi wa jikinki tawaye, amma in ya zauna shi yake bin ragowar cutar ya cinye. Kowanne da haɗarinsa. Kina da wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya?"

Aka kawo Gide aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito likitar da ba ta cika fara'a ba sai da ta yi murmushi, ta ce ya dace kamar an auna, kuma ba kowa ke samun haka ba, wasu suna da 'yan'uwa cike da gida ba a samu ko ɗaya. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ba ƙashi za a fasa ba. Allura ce za a yi masa ta 'yan kwanaki, sannan ya kwanta na'ura ta ja jini ta wannan hannu, ta tace irin, ta mayar masa da jininsa ta ɗayan. Ta tambaye shi ko ya yarda.

"To," in ji Gide.

Likitar ta san aikinta. Ta ce Laraba da Hafiza su fita, ta rufe ƙofa, ta sake tambayarsa shi kaɗai, ta ce ba dole, kuma in ya ƙi ba wanda zai ji daga bakinta. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, a wurin Gide ƙofar katako ba ta raba shi da yayarsa. Matar da ta goya shi tana zaune a kan benci a bayan ƙofar nan. Ya sake cewa to, ya ƙara da in sha Allahu.

Laraba ta zaɓi na ɗan'uwa. Ta ce in dai za a sha wuya a sha ta gaba ɗaya, ba ta son aikin da za a dawo a sake. A hanyar komawa gida tana ta tsokanarsa a mota, wai nonon akuyar da ta ba shi ne zai biya, kuma in ɓargonsa ya shiga jikinta ta koma mai sanyi irinsa, to mutanen Pauwa sun huta. Gide yana ta murmushi yana kallon taga. Abu ɗaya likitar ta nanata kafin su rabu, kada a ja lokaci, domin kowace hanya aka zaɓa sai cutar tana kwance ake bin ta.

Ruwan farko ya sauka a makon nan. Gide ya zo ya durƙusa ya ce a bari ya yi shuka, in ya tafi yanzu shekarar ta wuce shi. Laraba 'yar manoma ce, ta san gaskiya ya faɗa, ta ce ya yi. Aka yi shuka, ciyawa ta taso, sai noman farko. Aka gama noman farko, Babbar Sallah ta zo, ai ba a tafiya a bar gida da Sallah. Bayan Sallah sai aka ce hanya ba kyau, 'yan bindiga sun tare ta ɓangaren Faskari, wannan ma gaskiya ne. Sai maimai, sai taki, sai babur ya lalace. Hafiza ce ke amsa wayar likita, kullum tana cewa sun kusa. Duk lokacin da Laraba ta tambaye shi, Gide sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya, a bari dai in gama wanga."

Mu nan muna da wani hali da muke alfahari da shi, wai kara. Ba a ce wa babba a'a. Ba a kallon wanda ya yi maka alheri a ce ba za a iya ba. Sai a ce to, a ce in sha Allahu, a ce bari a gani, a bar mutum ya gane da kansa, kuma yawanci yakan gane, kowa ya tashi da mutuncinsa. A aron jaki ko neman aure wannan ba laifi. Amma Laraba ba ta taɓa magana da wannan harshen ba, saboda haka ba ta jin sa. Ita in ta ce to, to take nufi. Kuma ko da tana jin sa a bakin kowa, ba za ta taɓa neman sa a bakin Gide ba.

Ta lura dai da wasu abubuwa. Bilki ta daina shigowa gaishe ta da safe, sai ta aiko da koko. In ta ɗauko zancen tafiya, Malam Zailani sai ya tuna akwai abin da ya bari a zaure. Matan da ke zuwa dubiya suna yawan cewa Allah ya sa a dace, suna kallon ƙasa. Ta ɗauka tsoron aikin suke ji mata. Har ta riƙa ba su baki, tana cewa likita ta ce jinin Gide kamar an auna.

Gero ya fara nuna lokacin da ta ji wani ɗan ƙullutu a hammata, bai fi ƙwayar gujiya ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta aika aka kira Gide, ta ce ba sauran jira, ranar kasuwa mai zuwa za su tafi Zariya a yi gwajin ƙarshe, daga can su wuce kudu. Ya ce to. Ya ce su yi gaba da safe ita da Hafiza, shi zai kai babur wurin abokinsa ya same su a tashar Ƙanƙara.

Sun isa tasha da hantsi. Laraba ta kama kujera uku a motar Funtuwa, ta ɗora ƙullin daddawar da ta sa aka yi wa likita a kan ta ukun don kada wani ya zauna. Mota tana cika, ɗan kamasho yana zuwa yana tambaya ina mai wurin nan, tana cewa yana tafe. Duk babur ɗin da ya shigo sai ta miƙa wuya. Hafiza ta kira wayarsa, a kashe. Fasinjoji suka fara gunaguni, wani mai kaji ya ce shi fa rana na yi masa. Laraba ta ce masa in yana sauri ya hau kajin. Aka yi dariya, ban da Hafiza, wadda ta haɗa kai da gwiwa.

"Inna," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Kawu ba ya zuwa."

"Mi ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Ba ya zuwa ne. Tun farko bai yi niyya ba."

Laraba ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta tambaye ta tun yaushe ta sani. Hafiza ta ce tun Sallah. Ranar da aka yi yanka Gide ya sami Malam a zaure ya gaya masa ba zai iya ba. Malam ya ce kada a gaya mata yanzu, jikinta bai yi ƙwari ba, a bari ta ƙara ƙarfi. Aka gaya wa liman, aka gaya wa baffanninsu, kowa ya ce haka ya fi. Ita Hafiza ta yi ta bin kawun nata tana roƙo tana kuka, shi kuma kullum ya ce mata to, shi ya sa take ta sa rai zai sauya, shi ya sa take ce wa likita sun kusa. Dalilinsa kuwa, wani mai magani ne a kasuwar Sabuwa, wanda yake karɓar maganin haihuwa a wurinsa, ya ce masa 'ya'yan namiji a ɓargo suke, in aka zuƙa shi ke nan.

Laraba ta ɗauke ƙullin daddawar ta ɗora a cinya, ta ce wa ɗan kamasho ya sa mutum. Mota ta kama hanyar Funtuwa. Ba tsoron mutuwa ne ya dame ta ba, wannan sun saba da juna tun rani. Abin da ke ƙona ta shi ne ta tuna kanta zaune a tabarma tana ba mata baki, tana yabon jinin ƙanenta, su kuwa duk sun sani. Gari guda ya taru ya mai da ita yarinya. Ta ji an ci amanarta, kuma waɗanda suka ci ba maƙiya ba ne, mutanen da take dafa wa tuwo ne.

A Zariya likitar ta taɓa hammatar, ta taɓa wuya da ciki, fuskarta ta sauya. Aka kwantar da Laraba aka yi gwaje-gwaje, har da na ƙashin ƙugu mai zafin nan. Da sakamako ya fito likitar ta jawo kujera kusa da gado. Cutar ta tashi, kuma wannan karon ta shiga ɓargon. Maganar a ɗebi nata a adana ta wuce, domin abin da za a ɗiba yanzu da cutar a ciki. Da a bazara ne, da an yi.

"Saura hanya ɗaya," in ji likitar. "A sake ba ki wani magani, ya fi na farko zafi, ko za ta sake kwanciya. In ta kwanta, sai na ɗan'uwanki, nan take, ba jira. Amma ba zan sa ki cikin wannan wahala da sunan dashe ba sai na tabbata yana nan. Kuma ƙungiyar nan sun daɗe suna riƙe miki gurbi, akwai wani mara lafiya da ke jira, shi mai ba shi a shirye yake. Ki je gida ki ji gaskiya, ki kira ni kafin mako ya fita."

Laraba ta tambaye ta maganar haihuwa. Likitar ta rufe ido kamar wadda aka mara. Ta ce babu abin da ya haɗa su, abin da aka ɗiba jiki yana mayar da shi cikin 'yan makonni, masu bayarwa suna komawa gida su haifi 'ya'yansu. Ta ce da ya tambaye ta, da numfashi ɗaya ya isa ta ba shi amsa.

Da suka dawo Pauwa ta tarar da Malam Zailani a zaure yana gyaran lauje. Ya yi mata sannu da hanya, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Malam, ashe ka sani."

"Laraba, na ga jikinki ne. Na ce kada abin ya yi maki yawa."

"Tun ina yarinya nike gidanka. Ka taɓa ganin magana ta kashe ni?"

Ya mai da kai kan laujensa. Ita ma ba ta tsaya jira ba, ta shiga ciki ta sha ruwa, ta karɓi wayar Hafiza ta ce ta nuna mata inda za ta danna in tana son likita. Hafiza ta ce za ta raka ta, Laraba ta ce a'a. Ta ɗauki sandar da ta fara dogarawa ta nufi gidan Gide, tana tafiya tana hutawa a inuwar katanga.

Ta same shi a tsakar gida cikin zangarniyar gero, yana ɗaurin dami. Bilki na ganinta ta gaishe ta a gurguje ta shige ɗaki ta saki labule. Gide ya saki igiya ya durƙusa. Ya rame shi ma, idanunsa sun faɗa, kuma ganin haka bai sanyaya mata zuciya ba ko kaɗan. Ta zauna a kan turmin da ke kife.

"Na zo in ji da bakinka."

"Yaya, ki gahurce ni."

"Ban zo gahwara ba. Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

Ya daɗe yana murza zangarniya a hannu har ƙwayoyin suna zuba. Ya ce ta san shekarun da suka yi suna jira shi da Bilki. Ya ce mai maganin ya rantse mashi, ya ce ya ga waɗanda aka yi wa. Ya ce ya so ya tambayi likita, amma mace ce, ina zai iya buɗa baki ya yi mata wannan magana. Ita kuwa Yaya, ya ce, sau nawa yana zuwa da niyyar ya hwaɗi, in ya ga fuskarta sai harshensa ya ƙi. Wadda ta goya shi, ta hana kanta barci dominsa, da wane baki zai ce mata ba ya iyawa.

"Na tambaya maka," in ji Laraba. "Ta ce ƙarya ce. Ba abin da ya haɗa shi da ɗiya."

Gide ya ɗago ya dube ta, ya sake sunkuyawa.

"Ka ji abin da ka yi mani, Gide. Da ka ce ba ka iyawa, da na yi hushi, da na zage ka, da na kwana biyu ban amsa gaisuwarka ba. Sannan in koma in ce a ɗebi nawa. Yana nan lokacin, lahiya lau, likita da kanta ta ce. Ɓargonka naka ne, ban da iko da shi, ko ka ba ni ko ka hana. Amma nawa ka sa na zauna har ya lalace."

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da ba ta ji ya yi ba tun yana ƙarami. Ya rarrafo ya kama bakin zanenta. Ta gaya masa abin da likita ta ce, hanya ɗaya da ta rage, da maganin da ya fi na farko zafi, da mara lafiyar da ke jiran gurbi. Ta ce yau take son amsa, kuma kowace ce za ta ɗauka.

"Za ni, Yaya," in ji shi. "Wallahi wanga karo za ni. A bari dai in shigar da geron ga rumbu, kada ruwan ƙarshe ya ishe shi waje."

Laraba ta dubi geron. Dami ne da mutum biyu za su kwashe kafin la'asar, kuma garin cike yake da waɗanda za su kwashe masa in ya ce zai tafi ceton yayarsa. Yanzu kam ta iya harshen kara, a makare. Ta kwance bakin zanenta daga hannunsa a hankali, ta ciro wayar ta danna inda Hafiza ta nuna mata, ta sa yadda kowa zai ji.

"Likita, Laraba ce ta Pauwa. Ki ba wancan bawan Allah gurbin. Ƙanena ya ce a'a."

Muryar likitar ta fito, ƙarama, a tsakar gidan.

"Mama, shi ya faɗa da bakinsa? Yana kusa? Ba ni shi."

Laraba ta miƙa masa wayar. Ba ta janye hannu ba. Kalma ɗaya ta ishe shi ya ƙaryata ta, kuma Allah ya sani tana so ya ƙaryata ta, ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar haka ba. Labulen ɗakin Bilki ya motsa ya tsaya.

"Malam Gide?" in ji likitar. "Kana ji na? Malam Gide?"

Hannun da ta miƙa shi ne mai ƙullutun, ya yi mata nauyi, ta tallafe shi da ɗayan ta ci gaba da riƙewa. Gide yana durƙushe, hannayensa biyu a kan gwiwa, hawaye na ɗiga a kan ƙasa. Bai karɓa ba.